Me ya sa ake fara wa yaron tamowa da madara tsararo?

Sista Jummai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga likitocin yara da masana abinci da ke gidan nan. Ƙorafi ɗaya iyaye mata ke yawan dawowa da shi idan an tura yaro daga ƙaramin asibiti zuwa ɗakin kwantar da masu tamowa: wai an bar musu ɗa da yunwa. Yaro ya rame sai ƙashi da fata, ko ya kumbura suntum, amma sai wata madara tsararo ake auna masa a ɗan kofi. An hana ƙwai, an hana maganin ƙarin jini, yana gudawa an ƙi sa masa ruwa. Wasu har su saɓe yaron su gudu cikin dare. Wane bayani ya kamata mu riƙa yi musu tun kafin su tafi? Ku warware mana dalilin kowane mataki, don mu ma mu faɗa da sani.

Dakta Habu: Wa alaikumus salam Sista. Uwa tana kallon rama, mu kuma abin da ke tsorata mu yana ciki. Yaron da ya daɗe ba ya samun isasshen abinci, jikinsa ya rage gudun komai don ya rayu. Zuciya ta ƙanƙance ba ta da ƙarfin harba jini mai yawa, hanta ba ta da ajiyar suga, ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwa yadda ya kamata, hanji ya yi siriri. A cikin ƙwayoyin jikinsa sodiyam ya taru, fotasiyam da maganiziyam sun zube. Kamar garwashin da ya kusa mutuwa ne, in ka jibga masa manyan itace kashe shi za ka yi.

Madarar da kike cewa tsararo ita ce F-75. Kowane 100 ml na ɗauke da kalori 75 da furotin gram 0.9 kacal, gishirinta kaɗan ne, ba ta da sinadarin ƙarfe. Ba don yaro ya yi ƙiba ake ba da ita ba. Aikinta ta riƙe ransa na kwana 2 zuwa 7, har jikin ya dawo hayyacinsa. Ma'auninta 130 ml ga kowane kilo a yini. Yaro mai kilo 7 ke nan zai sha 910 ml, a raba 12, wato kusan 75 ml duk bayan awa 2, dare da rana. Idan kumburin ya yi tsanani har ya kai fuska, sai a sauko zuwa 100 ml ga kowane kilo, domin wani sashe na nauyinsa ruwa ne: 700 ml a yini, kusan 60 ml a kowace shayarwa. In ya fara riƙewa babu amai, a koma duk awa 3, sannan duk awa 4, jimlar yini tana nan yadda take.

Shayarwar dare ita ce inda aka fi yin sake. Mai jinya ta gaji, nas ɗaya ce a ɗaki, a tsallake na ƙarfe 2 da na 4, da asuba a tarar yaro ya yi sanyi ƙalau ba ya motsi. Suga ne ya faɗi.

Sista Talatu: Dakta ka taɓo wurin. Bari in ƙara a kan suga da sanyi, tunda tare suke zuwa. Suga ƙasa da 3 mmol/L, ko 54 mg/dl a na'urar da ke ƙirga da wannan ma'auni, ya faɗi ke nan. In babu na'ura, a ɗauka ya faɗi, kada a jira. Yaron da ke iya haɗiya a ba shi 50 ml na ruwan gulukos mai kashi 10. In babu, cokalin shayi ɗaya na sukari mai ɗan tozo a cikin ruwa cokalin cin abinci uku da rabi, sannan F-75 ta biyo baya nan take. Wanda ya suma sai ta jijiya, 5 ml ga kowane kilo na gulukos mai kashi 10. Sista Jummai, wannan ruwan sukarin ku fara ba shi tun a wurinku kafin a hau mota, don tafiya da layin karɓar kati na iya cin awa huɗu.

Zafin jiki kuma in ya gaza digiri 35 a hammata, a manna yaron a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula, a canza jiƙaƙƙen zani da sauri. Wankan sassafe a haƙura da shi, balle da hunturu. Kada a sa masa kwalbar ruwan zafi a jiki, fatarsu saurin ƙonewa gare ta.

Baban Khalifa: Ni ta ɓangaren magani zan tambaya a madadin masu kemis, don wurinmu ake zuwa. Yaron nan tafin hannunsa fari fat, idonsa fari. Mene ne laifin maganin ƙarin jini?

Dakta Habu: Laifinsa lokaci ne, Alhaji, don sinadarin ƙarfe ne a cikinsa. A kwanakin farko furotin ɗin da ke ɗaukar ƙarfe a jini ya yi ƙaranci, ƙarfen sai ya yi ta yawo sake, ƙwayoyin cuta su samu abin ci, shi ma ya riƙa lahanta ƙwayoyin jiki. Yaran nan kuwa kusan dukkansu suna ɗauke da cuta a ɓoye, ba zazzaɓi ba komai, domin jikin ba shi da ƙarfin tayar da zazzaɓin. Shi ya sa kowa ke samun maganin kashe ƙwayoyin cuta ko bai nuna alama ba. Wanda aka kwantar da matsala: ampicillin 50 mg ga kilo duk awa 6 kwana 2, a ci gaba da amoxicillin ta baki kwana 5, tare da gentamicin 7.5 mg ga kilo sau ɗaya a yini kwana 7, a kuma lura yana fitsari. Ƙarfe sai ya fara cin abinci da kyau yana ƙara nauyi. In ya koma kan maganin tamowa na leda ma, wato haɗin gyaɗa da madara da ke zuwa a ƙaramar leda, ba a ƙara masa komai, akwai ƙarfen a ciki.

Wani abin da nake roƙon masu kemis: maganin sa fitsari don sace kumburi, don Allah a daina. Kumburin tamowa da kansa yake sacewa idan an gyara abinci. Fotasiyam ɗin da ya rage ne maganin zai ƙara kwashewa.

Sista Jummai: To batun ƙarin ruwa fa? Shi ne ya fi tayar da rigima. A wurin mutanenmu in ba a rataya leda ba, ba a yi magani ba.

Dakta Habu: Alamomin bushewar jiki da muka saba da su ƙarya suke yi a jikin mai tamowa. Ido ya faɗa, fata in an ja ba ta komawa, duk rama kaɗai na kawo su. Sai a zaci ya bushe, a sakar masa leda, zuciyar da ba ta da ƙarfi ta cika ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ba a sa ruwa ta jijiya sai in yaro ya shiga mawuyacin hali: ya galabaita ko ya suma, hannu ya yi sanyi, bugun jini ya yi rauni da sauri. Ko a nan 15 ml ga kilo ne a cikin awa guda, ana tsaye a kansa ana ƙirga numfashi da bugun zuciya duk minti 5 zuwa 10.

Sauran ta baki ne, da ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa. Bambancinsa da ORS da kuka sani: sodiyam ɗinsa 45 mmol ne a lita maimakon 75, fotasiyam ɗinsa ya fi yawa. Ana ba da 5 ml ga kilo duk minti 30 na awa 2, sannan 5 zuwa 10 ml ga kilo a awa, ana karɓa-karɓa da F-75, kada ya wuce awa 10. In numfashi da bugun zuciya suka tashi tare, ko fatar ido ta fara kumbura, ko jijiyar wuya ta cika, a tsaya. Kwalara ce kaɗai ko gudawa mai zuba kamar ita ke sa a koma ORS na kowa, saboda gishirin da ake zubarwa ya yi yawa.

Hajiya ta Maraɗi: Sannunku da aiki 'yan uwa na Najeriya. Ina so in ja hankalin Sista Jummai kada a tafi da tunanin duk mai tamowa sai an kwantar da shi. Mafi yawa a gida suke warkewa. Mu nan ɗakin kwantarwa CRENI muke ce masa, na zuwa a koma kuma CRENAS, ku kuna cewa OTP. Tun yunwar 2005 aka gani a nan Maraɗi cewa dubban yara na iya warkewa a hannun uwayensu da maganin leda, yanzu har sarrafa shi ake a Yamai da Kano.

Abu uku ke raba hanya. Awon damtse ga ɗan wata 6 zuwa 59: a igiyar awo mai launi, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama kore. Kumburi: a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun tamowa ce mai tsanani ko damtsen na kore. Sai gwajin ci: a kai uwa gefe inda babu hayaniya, ta wanke hannu, ta ba shi maganin a hankali da ruwan sha kusa, a ba su har rabin awa. Ya ci abin da jadawali ya ce, ba shi da wata matsala, gida zai koma. Ya ƙi ci, ko yana amai da komai, ko jijjiga, ko numfashi da ƙyar, ko kumburi ya game jiki, sai kwanciya. Gwajin nan kada a yi shi a tsaye cikin layi, yaro mai tsoron farin kaya zai faɗi gwaji alhali yana da ci.

Malam Nura: Hajiya ta gama magana. Lissafin ledar: gram 92, kalori 500. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce kalori 150 zuwa 185 ga kilo a yini. Mai kilo 7 yana neman 1,050 zuwa 1,295, wato leda 2 zuwa 2 da rabi. Tsohon jadawali da ke manne a bangon asibitoci da yawa a kan kalori 200 aka gina shi, zai ba shi 3. Kowa ya bi wanda hukumarsa ta ba shi, kada ya haɗa biyu.

Abin da ke ɓata aikin a gida sananne ne. Ana rabawa da yayye da ƙanne, wani lokaci har maigida ya taɓa, wani ya kai kasuwa. Ana dama shi a koko a ajiye, alhali rashin ruwa a cikinsa ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, da an zuba ruwa kariyar ta tafi. Ana cika wa yaro ciki da tuwo kafin a ba shi. Tsarin shi ne nono tukuna, sannan leda, ruwa mai tsabta a gefe don yana sa ƙishirwa, tuwo daga baya in da sauran wuri. In mako biyu ko uku nauyi bai motsa ba, kafin a zargi uwa a nemi tarin fuka da ƙanjamau.

Baban Khalifa: Malam Nura, ga inda zan saɓa da ku. Kuna magana kamar kullum kayan suna nan. Wata biyu sai a yi babu leda ko ɗaya a sito. Gyaɗa ce da madara da sukari da mai, duk muna da su a kasuwa. Me zai hana a koya wa mata su haɗa nasu?

Malam Nura: Abu biyu, Alhaji. Haɗin bitamin da ma'adinai da ke ciki ba a sayar da shi a kasuwa, shi ne kuwa rabin maganin. Na biyu gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana da guba mai cin hanta, ba a ganinta da ido kuma suya ba ta kashe ta. Kamfani gwadawa yake kafin ya niƙa. Don haka ba zan kira haɗin gida maganin tamowa mai tsanani ba.

Amma ban ce a naɗe hannu ba. Ga mai rawaya, da wanda aka sallama, da lokacin yankewar kaya, kunu mai kauri na gero ko dawa da garin waken soya da aka soya da tsintacciyar gyaɗa yana aiki. Kaurin ya kai in an karkata cokali ba ya zuba. A sa cokalin shayi na man gyaɗa ko manja a kowane kofi, kalori 40 ke nan ba tare da an ƙara cika ciki ba. Garin busasshen kifi, ƙwai, zogale, sau 5 ko 6 a yini. Matsalar kokonmu ruwa ne ya fi yawa, cikin yaro ya cika kafin ya samu abin kirki.

F-75 kuwa ana iya haɗa ta a asibiti in ta yanke: madarar gari mai cikakken mai gram 35, sukari gram 100, man girki gram 20, ruwan ma'adinai na asibiti 20 ml, a cika da tafasasshen ruwa har ya kai lita ɗaya. A lura: har ya kai lita, ba a zuba lita a kai ba, in ba haka ba ta tsinke. A kaɗa sosai kada man ya taso sama, na farko ya sha mai, na ƙarshe ya sha ruwa. Kuma a tabbatar madara ce ta gaske, ba garin farin shayi ba.

Baban Khalifa: Na karɓi batun gubar gyaɗa. Amma ruwan ma'adinan nan da ka ambata, inda F-75 ta yanke shi ma ba za ka same shi ba. Magana ta koma inda na fara.

Sista Talatu: Gaskiyarka Alhaji, sai dai likita ya rubuta fotasiyam da zinc daban, ba daidai yake da na asali ba amma ya fi babu. Bari in shigo da robar hanci, wadda ake zurawa har ciki don ba da madara, don ita ma tana sa a gudu. Ana sa ta in yaro ya kasa shan kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna masa sau biyu a jere, ko bakinsa ya yi gyambo, ko ya galabaita. Roba mai lamba 6 ko 8 ta isa ƙananan yara. A auna daga hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da cibiya, a yi alama da filasta. Kafin kowace shayarwa a zuƙo ruwan ciki a ɗiga a takardar gwaji, ma'aunin tsami (pH) 5.5 ko ƙasa ya nuna tana ciki. Hura iska a saurara da abin kunne ba abin dogaro ba ne, robar na huhu ma ana iya jin ƙara. A cire abin tura sirinji, a ɗaga ta, madara ta gangara da kanta, yaro na zaune a cinyar uwa. Kullum a fara gwada kofi, ragowar a bi da ita ta roba, don kada ya manta haɗiya.

Ɗura kuma a yi wa uwa da kaka maganarta ƙarara. Ɗura ita ce a kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara koko a baki, in ya buɗe neman iska sai ya shaƙa zuwa huhu. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun haihuwa sun fi kowa shiga wannan hatsari. Su a zaunar da su a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, abinci mai kauri ya fi musu ruwa sauƙin haɗiya, a bar su a zaune rabin awa bayan ci. Tari ko murya mai gurgura a lokacin ci alama ce ta abinci na bin hanyar iska.

Sista Jummai: Allah ya saka da alheri. To yaushe ake barin tsararon? Sannan manyan yara fa, 'yan shekara 12, 15? Awon damtse bai kai kansu ba, su ma ana kawo su a rame.

Dakta Habu: Yaron ne ke faɗa: ya fara neman abinci da kuka, kumburi ya fara sacewa, ya yi murmushi. Sai a ɗauki kwana 2 zuwa 3 ana sauya shi a hankali zuwa leda ko madarar F-100, mai kalori 100 da furotin gram 2.9 a 100 ml. Awa 48 na farko adadin da yake sha na F-75 za a ba shi, sannan a riƙa ƙara 10 ml a kowace shayarwa har ya fara ragewa. Ƙarin gram 10 ga kilo a yini shi ne mai kyau, ƙasa da 5 akwai matsala. Mai kilo 7 da ya ƙara gram 210 a kwana 3 ya kai 10. Mai kumburi kuwa nauyinsa sauka zai fara yi, a gaya wa uwa tun da wuri kada hankalinta ya tashi. Jariri ƙasa da wata 6 ba a ba shi leda, ba a ba shi F-100 sai an tsinka ta, aikin can maido da nono ne.

Manyan yara da BMI na shekarunsu, wato lissafin nauyi da tsawo, ake auna su. A wurinsu tambayar farko ita ce me ya ramar da shi, don da wuya a ce yunwa ce kaɗai. Tarin fuka, ƙanjamau, sikila, ciwon ƙoda, tsutsar ciki, damuwa. Saurayi ko budurwa da ke ci sosai yana ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari har tururuwa na taruwa a wurin, a gwada suga kafin a ɗora shi kan madara mai sukari. Wannan insulin yake nema.

Kalorin farawa ga kilo raguwa yake da shekaru: wajen 75 ga 'yan 7 zuwa 10, 60 ga 'yan 11 zuwa 14, 50 ga 'yan 15 zuwa 18.

Malam Nura: Dakta, a kan wanda ya yi mako biyu ko fiye kusan ba ya cin komai, ni ƙasa da haka nake ba da shawarar a fara, a hau a hankali cikin mako. Da abinci ya shiga insulin zai tashi, ya kwashe fosfet da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. A kwana uku na farko ake ganin abin: kasala, ruɗewa, kumburin ƙafa, bugun zuciya ya rikice. A ba da bitamin B1 kafin a fara, a gwada fosfet kullum in ɗakin gwaji na yi. Inda ba a gwadawa, madara ta fi lemon kwalba da farar shinkafa aminci, don tana da fosfet ɗinta. 'Yan dubiya su ne matsala a nan, kowa da kular abinci da maltina.

Dakta Habu: Ban ƙi ba, matuƙar ba a bar shi a ƙasan ba. Tsoron nan ma yana sa a yi ta jan ƙafa yaro na ƙara zubewa. A rubuta ranar ƙari a kati tun ranar farko.

Hajiya ta Maraɗi: Tunda an shigo 'yan mata, a ƙara da wannan. Inda ƙarancin jini ya yi yawa, budurwar da ta fara al'ada ana ba ta ƙarfe 60 mg da folik asid 2.8 mg sau ɗaya a mako, wata uku a sha, wata uku a huta. Kada ta kora da shayi, yana hana shi shiga jiki, kuma a gaya mata bayan gida zai yi baƙi. Mai sikila a cire ta daga rabon sai an gwada, musamman wadda aka sha ƙara wa jini, don ƙarfen na iya riga ya taru mata.

Sista Jummai: Na kwafe duka. Sallama daga magani gaba ɗaya kuma sai damtse ya kai 12.5, babu kumburi mako biyu a jere, haka ne ko?

Hajiya ta Maraɗi: Haka ne ƙanwata. Ki ba uwar igiyar awo ta tafi da ita, ki sa ta auna a gabanki sau biyu: hannun hagu a sake, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ba matsewa ba sako-sako. Ta riƙa aunawa a gida, in ya koma rawaya ko ya yi ƙyanda ko gudawa ta dawo da shi, kada ta jira ranar awo.